Wanda Zai Tsaya Ƙarƙashin Gada

Vukota mai zuba kankare ne a ƙauyenmu da ke bayan garin Bar, a Montenegro. Shekara talatin ya yi yana sana'ar, kuma ya iya ta. Abin da bai iya ba shi ne jin ana yabon wani, balle Radule, mijin ƙanwarsa Stanka.

Girgizar ƙasar 1979 ba ta kayar da gadarmu ba, ta dai tsattsage ginshiƙanta huɗu. Injiniyan da aka turo ya ce za a yi musu riga: a kewaye kowanne da rodi, a zuba sabon kankare. Vukota ne kan zubi. Aikin Radule kuwa ɗaya ne: in an cire katako, ya bi ginshiƙi da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Inda ya cika, amo ya yi tsaf. Inda iska ta maƙale, sai ya yi ƙarar tulun da ba ruwa. Injiniya ba ya sa hannu a takarda sai Radule ya gyaɗa kai. Vukota kan ce shi ya sha ƙura, wani kuma ya zo da guduma kamar mai sayen kankana ya tafi da suna.

A gindin ginshiƙi na uku Radule ya daɗe tsugune.

"Yaya, nan akwai rami."

"Ramin a kanka yake," in ji Vukota. "Tashi ka ba mutane wuri."

Radule mutum ne mai jin nauyin surukai. Da Vukota ya zo daga baya ya rantse cewa ya huda wurin ya ɗura siminti, sai ya yarda, bai sake dubawa ba. Alhali shafe kawai aka yi.

A wurinmu, ranar gwajin gada akan jera tifofi cike da tsakuwa a kanta, wanda ya tsaya wa aikin kuma ya shiga ƙarƙashi ya tsaya, gari na kallo. Vukota ya sayi sabuwar hula saboda ranar. Ana saura kwana biyu, injiniya ya ce Radule ne zai tsaya.

Vukota bai ci abincin rana ba. Ya sauka kogi da gudumarsa, ya buga gindin ginshiƙi na ukun nan sau uku. Shi ma yana da kunne, bai taɓa faɗa ba ne kawai. Ya ɗauko babbar guduma ya fasa shafen a gaban kowa, sai ga rodi tsirara, da ramin da hannu zai shige har gwiwa.

An ɗage gwaji da sati biyar. Vukota ya sake zubin da kansa, aka kuma sauke shi daga shugabancin ma'aikata. Ranar gwaji Radule ya tsaya ƙarƙashi, tifa shida a sama, gada ko gezau. Mutane suka yi ta yabon kunnensa.

Da yamma Stanka ta kai wa yayanta cuku da naman rago, tana hawaye tana godiya ya ceci uban 'ya'yanta. Vukota ya karɓi naman, ya ce ta share fuska, ba don mijinta ya yi ba.

"Da gadar ta faɗo masa, sunansa za su sa wa wadda za a sake ginawa. Ni kuma in riƙa bi ta kanta kullum?"

Stanka ta ɗauke cukunta ta tafi. Sun yi shekara biyu ba sa magana.