Ƙofar Motar Baffa

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta da su sarai, amma makonni ukun da na yi ina fama da ƙofar motar baffana ba na jin za su taɓa fita daga raina, ko da tsufa ya sa na daina gane 'ya'yana.

A shekarar na gama makaranta, ina zaune a gidanmu a Kazaure ina jiran aikin da ya ƙi zuwa. Baffa, yayan mahaifina, shi ya riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake kai kaya da ita kasuwannin Babura da Gwiwa. Asalinta fara ce, amma rana da ruwa sun mai da ita kalar kunun gyaɗa. Da zai tafi aikin hajji ya miƙo mini makulli ya ce, "Kullum da safe ka tashe ta ta yi ɗumi. Kada ta fita daga gidan nan. Idan ka riƙe amana, in na dawo zan fara tura ka kasuwa da ita."

Na riƙe amanar, har tsawon kwana tara. A rana ta goma aka yi ruwan shuka, ga taki jibge a tsakar gida, ga gonarmu can hanyar Roni. Na ce wa kaina ai wannan ba yawo ba ne, aikin gida ne. Na kai taki lafiya. Wajen juyowa ne na sa ribas ina kallon hagu, wani ƙaton dutse da ke dama ya gaisa da ƙofa. Ƙarar da na ji har cikin haƙorana. Da na fito na duba, ƙofar ta lotsa ciki, kai ka ce jaki ne ya harbe ta da ƙafa biyu.

Abin da ya kamata shi ne in kai wa mai gyaran jikin mota. To amma wanda na sani a garin aminin Baffa ne, sahu ɗaya suke salla. In na kai masa, kafin in dawo gida labari ya isa Makka. Don haka na shigar da motar na rufe ƙyaure, na ce da kaina zan gyara. Mutumin da ko ƙusa bai taɓa bugawa ta shiga daidai ba!

Na yi yini biyu ina kallon bidiyon masu gyara a waya, har na ji na zama gwani. Na kwance marfin cikin ƙofar, na aro babbar guduma, na saita tsakiyar lotsawar na sakar mata duka. Rami ɗaya ya tashi ya zama tudu uku. Na bi tudun nan na danna su, suka haifi ramuka biyar. Kafin la'asar ƙofar ta koma kamar gonar da aka tone gyaɗa.

Duk abin nan kakata, mahaifiyar Baffa, tana zaune a inuwar darbejiya tana kallona. Bafulatana ce da ta tashi a ruga, kuma tsakanina da ita kullum tsokana ce. Sai na ji ta ce, "Maigida, ƙarfen nan ya zagi wani naka ne?"

"Inna, don Allah ki bar ni da abin da ya dame ni. Wannan aikin maza ne."

"Na ga alama," in ji ta.

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon kwanon sha da ya lotsa, da muciya. Ta ce lokacin da suke ƙaura da shanu, babu tafiyar da kwanuka ba sa faɗowa daga bayan jaki, kuma babu wanda za a kai wa a daji. Ta ɗora kwanon a kan yashi ta fara ƙwanƙwasa shi a hankali. Ba ta taɓa tsakiyar ramin ba. Gefe take bi, tana zagayawa, tana matsowa ciki kaɗan-kaɗan. Can sai na ji "ɓas!", kwano ya koma yadda yake.

"Wurin da ya fi zurfi shi ake zuwa wa a ƙarshe," ta ce. "Kai kuma da shi ka fara, don gaggawa."

Abin haushin, haka mutumin cikin wayar ya faɗa, da Turanci, ban dai saurara ba.

Daga ranar muka zama mu biyu. Na ajiye babbar guduma na nemo ƙarama. Ita ta ba ni ɗan dutsen niƙanta ina tokarewa ta baya, ina bugu ta gaba. Idan na ce wuri ya yi, sai ta taso ta rufe ido ta shafa da tafin hannu ta ce, "Nan akwai saura." Ni ban ga komai ba, amma in na shafa sai in ji shi. Da na zo shafa fila, wato ƙullin nan da ake cike ƙananan ramuka da shi, na zuba maganin daskarewa da yawa, ya sandare a kwano da cokalin a ciki kafin in kai shi jikin mota. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce ko tuwon sabuwar amarya bai kai wannan tauri ba. Na sake kwaɓawa. Na goge da samfefa har fatar yatsuna ta saɓule. Na fesa fenti sau uku, don na farko ya yi ta zubar da hawaye.

Ran da na gama na ja baya na kalli aikina, sai murnata ta koma ciki. Ƙofar ta yi kyau, kyan ne ma matsalar. Fara fat, tana ɗaukar ido, a jikin motar da ta tsufa. Na kwaɓa jar ƙasa na shafe ta don ta dushe. Washegari ruwan sama ya wanke mini ita tas.

Baffa ya dawo. Sai da 'yan sannu da zuwa suka ragu, bayan kwana biyu, ya zagaya wajen motarsa. Ya tsaya gaban ƙofar ya daɗe.

"Akwai wata 'yar lotsawa nan ƙarƙashin mariƙi," ya ce, "inda wani bijimi ya sa mini ƙaho a kasuwar Babura shekarun baya. Ina take?"

Ashe a cikin aikina na haɗa har da ita na gyara. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga taki har jar ƙasa. Ya shafa ƙofar sama da ƙasa ya ce, "Wa ka kai wa?"

"Ranka ya daɗe, ni ne. Ni da Inna."

Daga inuwa Inna ta ɗaga murya: "Ni ce oga, shi yaron shago ne!"

Baffa ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya faskara, dariya ta ƙwace masa. Da ya nutsu ya ce fitar da motar bai ɓata masa rai kamar ɓoyewar ba, domin sau huɗu muna waya ina ce masa komai lafiya. Zancen tura ni kasuwa ya ɗage sai bayan kaka. Sannan ya yanke mini hukunci: tunda na mai da motarsa mai kala biyu, sai in bi sauran jikin duka in daidaita. Wata biyu na yi a kai, da tsatsa da komai. Ran da ta fita, a tasha aka riƙa tambayarsa ko sabuwa ya sayo, kafin mako ya zagayo wani maƙwabcinmu ya turo mini tasa in gyara. Sana'ar da nake ci da iyalina da ita yau ke nan.

Abin da na koya bai tsaya a ƙarfe ba. Ɓarnar da aka yi cikin ƙiftawar ido, a hankali ake gyara ta, ba da ƙarfi ba. Kuma wahalar da na sha wajen ɓoye laifina ta ninka wadda zan sha da na buɗe baki tun ranar farko na ce, "Baffa, na yi kuskure."