Fuskar da Waya Ta Ƙi Ganewa

Wata rana mura ta kai ni kemis ɗin unguwarmu, na tarar ana wanke wa wani bawan Allah ɗinki a fuska. Daga gira har haɓa.

Sunansa Lurwanu. Yana sanye da rigar wani kamfani, irin masu kai wa mutane abinci a babur idan an yi oda ta waya.

Ni kuwa bakina ba ya shiru, sai na tambaye shi.

Ya ce ruwa ake tsugawa ranar. Ya ɗauko abincin wani, waya na ta ƙara wai ya makara. Ya ƙara wuta. Wata mota ta fito daga lungu ta yi sama da shi.

Da ya farfaɗo a asibiti, saƙon farko da ya gani ba na sannu ba ne. Kamfani ne ya rage masa tauraro, makin da ake auna aikinsa da shi, saboda abinci bai isa ba.

Bai ma tsaya fushi ba. Kumburi na sacewa ya ce zai koma aiki, don sai ya fita ake ɗora tukunya a gidansa.

To a ƙa'idar kamfanin, kullum kafin ka fara aiki sai ka ɗauki hoton fuskarka, na'ura ta tabbatar kai ne.

Ya ɗauka. Ta ce ba shi ba ne.

Ya fita rana ya sake. Ta ce ba shi ba ne.

Sai aka dakatar da shi, wai ya ba wani aron aikinsa.

Ya lallaɓa har ofishinsu, ya nuna wa manajan ɗinkin.

"Ranka ya daɗe, a bakin aikinku na ji wannan ciwon. Ni ma'aikacinku ne."

"Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Amma mu ba mu da ma'aikaci a kan titi. Kai abokin hulɗa ne."

Abokin hulɗa. Ba kuɗin magani, ba hutun jinya, ba inda zai kai kuka.

Wallahi raina ya ɓaci. Wane irin aboki ne yake ba ka umarni, ya auna maka lokaci, ya hukunta ka, amma ranar da ka zubar da jini ya ce bai san ka ba?

Yana shirin fita manajan ya tsayar da shi. Lurwanu ya juyo da sauri, ya zaci tausayi ne ya zo.

Ashe akwatin abincin da ke goye a bayansa ake so ya ajiye.

Akwatin ma ya fashe a hatsarin, duk ya ƙuje. Amma shi sun gane shi.

Darasi: Wanda ake juya shi kamar ma'aikaci, dole doka ta kare shi kamar ma'aikaci. Muddin muka yi shiru, irin waɗannan kamfanoni za su ci gaba da sauya wa 'yan'uwanmu suna don su gudu daga hakkinsu.

Kada wannan ya tsaya a wayarka. Ka tura shi gaba, har ya isa gaban waɗanda muka zaɓa su yi mana doka.