Mma Fusena da Alƙawarin Elmina

Mma Fusena ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina bayan kanta a chemist ɗin da nake aiki a Woolwich, nan London, ko coat ban cire ba. Maƙwabciyarta ce ta kira. Ta ce Mma ta fito za ta tafi aiki, ta zauna a bus stop a Catford, bas ya zo ya tafi ba ta tashi ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ku yi haƙuri da rubutun.

Ga waɗanda ba su san ta ba, 'yar Ghana ce, daga zongon Sekondi. Shara da goge-goge take yi a wani ginin jami'a a Aldwych, inda na zo masters daga Kano shekaru tara da suka wuce. Wata rana ta ji ni a kan matakala ina waya da Hausa ina kuka. Ta jingine mop ta jira har na gama, sannan ta ce, "Kai, ka ci abinci?"

Haka Hausarta take, mace da namiji duk "kai" ne, duk "shi" ne.

Washegari ta kawo min shinkafa da wake irin nasu a kula. Ita ta nuna min inda ake samun daddawa a garin nan. Ita ta raka ni council lokacin da nake neman flat. Da na haihu, sati biyu ta yi tana zuwa tana gasa min jiki, mahaifiyata na Kano tana sa mata albarka ta waya.

Wata takwas da suka wuce ta matsa sai na bi ta gida hutu. Na yi booking muka tafi. Kwananmu uku ta ce mu je Elmina, garin kakarta.

Tsohon gari ne a bakin teku. Ga ƙaton farin ginin da Turawa suka tsare bayi a ciki, ga tsofaffin benaye na katako da fenti ya ɓaɓɓare, ga gada, ƙarƙashinta kwale-kwalen masunta cunkus, kowanne da tutarsa. Ko'ina ƙamshin banda. Mun zaga ginin, mun shiga ɗakunan nan marasa taga, mun fito. Sai ta ce mu hau tudun da ke kallon garin. Sau uku tana tsayawa a hanya wai tana nuna min wani abu. Ban kawo komai a raina ba.

Bayan azahar wani masunci ɗan uwanta ya ɗauke mu a kwale-kwalensa mai inji, don in ga garin daga cikin ruwa. Muka wuce ƙarƙashin gada, muka bar ginin a baya, muka shiga teku sosai. Tana nuna min unguwar da kakarta ta zauna, sai na ga hannun ya faɗi.

Fuskarta ta koma kamar toka. Zufa ta karyo mata. Ta dafe ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan tana nuna jakarta.

Na zazzage jakar a cikin kwale-kwalen. Sai ga 'yar kwalbar feshin nan da masu ciwon zuciya ke fesawa a ƙarƙashin harshe. Kullum ina miƙa wa mutane irinta a wurin aiki. Sunanta ne a jiki, kuma an daɗe da ba ta.

Na fesa mata. Na daka wa mutumin tsawa ya juya. Ba ya jin Hausa, Turancina kuma ya yi masa sauri, sai ita da ke numfashi da ƙyar ta fassara masa da yarensu na Fante.

Muka juya, amma a bakin shiga gari masunta na dawowa, ga igiyar ruwa tana dukan duwatsu. Ya rage inji ya tsaya yana jiran ruwa ya lafa. Ina roƙonsa, yana girgiza kai. Na riƙe wuyan hannunta ina ƙirga bugun, ruwan gishiri na watso mana. Minti biyar, ciwon bai sake ta ba. Na sake fesawa. Ina hango mutane a kan gada suna cinikin kifi, ga tudu kusa, ba halin isa.

Abin da ke raina kawai shi ne 'yarta Rahina, ita kaɗai gare ta. Da wane baki zan kira London?

Can sai na ji ta ja dogon numfashi. Ta buɗe ido ta ce ciwon ya sauka.

Da muka taka ƙasa ban saurare ta ba, asibiti muka nufa. Suka duba, suka ce ta huta, kuma ta ga likitanta da zarar ta koma. Muna fitowa ta ce ita fa yunwa take ji, kuma ba za ta kawo baƙuwa Elmina ta koma ba ta ci kifi ba. Muka zauna a wani gidan abinci a bakin ruwa. Aka kawo dokunu, tuwon masararsu, da soyayyen kifi da baƙin yajinsu. Ta ci sosai. Ni ko loma ɗaya ban ci ba.

A nan ta gaya min ta kusa shekara da sanin ciwon. Ta ce Rahina ta yi ɓari sau biyu, yanzu ga ƙaramin ciki wata biyu, kuma na san halinta, in ta ji ba za ta ƙara barci ba. Na ce wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Mun daɗe muna ja. Daga ƙarshe ta kama hannuna da hannunta mai maiƙon kifi ta ce, "Hindatu, amana ne. Sai ya haihu lafiya."

Na yarda, bisa sharaɗin duk appointment ƙafata ƙafarta.

Ta cika nata. Mun je tare sau da yawa, tana ce wa Rahina overtime take yi. An sa ranar yi mata aiki, aka yi cancel, aka ɗaga zuwa wata mai zuwa. Na roƙe ta ta bar aikin sharar nan, ta ce in ta zauna a gida ai asiri ya tonu.

Rahina ta haihu lafiya, namiji. Na ce to, lokaci ya yi. Mma ta ce a bari a yi suna.

Ranar suna Rahina ta ja ni gefe. Ta ce ta ga mamanta na tsayawa a tsakiyar matakala tana haki, ni da na san magani, ina ganin lafiya kuwa? Na dubi yarinyar nan da jaririnta a hannu na ce gajiyar hidima ce.

Tun ranar ban ƙara iya haɗa ido da ita ba.

Ganina na ƙarshe da Mma ranar Asabar ne, a kasuwar Woolwich, tana zaɓen doya. Na ce mata in ba ta faɗa ba wannan satin, ni zan faɗa. Raina a ɓace na yi maganar, har mai doyar ya ɗago ya kalle mu. Ta yi dariya, ta gyara min mayafi, ta ce, "Bari yaro ya yi arba'in. Ni da bakina zan gaya mishi."

Saura kwana shida arba'in ɗin.

Ɗazu na je flat ɗinsu a Catford. Mata cike da falo, 'yan Ghana da namu. Na ja Rahina kicin na rufe ƙofa, na gaya mata komai tun daga kwale-kwalen. Ba ta katse ni ba. Jaririn na kafaɗarta tana bubbuga bayansa. Da na gama ta ce, "Eight months, Aunty?"

Na ce eh.

Ta buɗe ƙofa ta fita. Na zauna a corridor, ban san ko in tafi ko in tsaya ba. Mutane na shiga suna fita suna yi min gaisuwa, ina amsawa.

Dab da la'asar ta fito ta tsaya a kaina. Rahina haihuwar nan ce, ba kasafai take Hausa ba, amma da Hausa ta yi min magana. Ta ce in an ba su gawa tana so in shiga cikin masu wanka, ita ba ta iya ba, in nuna mata. Ta ce kuma in ina so in rubuta abin da ya faru, in rubuta.

Ba ta ce ta yafe min ba. Ni ma ban tambaya ba.

Ba a sa lokacin jana'iza ba tukuna, sai an gama bincike an sallami gawar.

Ya Allah, ga baiwarKa Fusena ta zo gare Ka. Ta ciyar da baƙi a ƙasar da ita ma baƙuwa ce. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta da haske, Ka sa ciwon da ta ɗauka ita kaɗai ya zama kankarar zunubi. Ka sanyaya zuciyar Rahina, Ka raya jikanta. Ni kuma, in na yi kuskure da na riƙe wannan amana, Ka yafe min.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya tsaya ya karanta mata Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ne, ya kuma sa Rahina a addu'a. Gobe da safe zan koma wurinta.