Tsagar da Waya Ta Share

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa, dangi suka lura ba ni da abin yi, suka ɗora mani rubuta tarihin gidanmu, ɗan littafin da za a raba a taron zumunci bayan Babbar Salla. Rubutun bai wahalar da ni ba. Hoton Inna, mahaifiyarmu, shi ya so ya kunyata ni.

Sau ɗaya Inna ta taɓa zama gaban mai hoto, lokacin da za ta Makka, shi ma don an ce mata jirgi ba ya ɗaukar marar fasfo. Bayan rasuwarta wani jika ya ɗauki hoton da waya, ya tura wa wannan, wannan ya tura wa wancan, har ya zagayo gare ni. Yayata, babbarmu da ta rage, idonta yana ta ja baya. Ta ce abu ɗaya take so: a buga Inna babba, ta ƙara ganinta da kanta tun idon bai rufe ba.

Na zauna gaban kwamfuta, na kama gefen hoton na ja. Ni da na shekara talatin ina dukan tebur a kan ma'aunin taswira, sai ga ni na ja faɗi na bar tsawo. Inna, wadda har ta koma ga Allah siririya ce, ta fito da kumatu irin na matar babban ɗan kwangila. Na gyara iya gyarawata, na buga a takarda, na kai wa Yaya a Ƙofar Marusa.

Ta fito tsakar gida inda haske, ta kai takardar har bakin hancinta.

"Auta, wannan matar wa ce?"

"Inna ce, Yaya."

"Innar wa? Ina tsagarta? Ka kawo mani wata 'yar gayu mai fuska kamar faranti. Kai dai bokon nan bai yi maka rana ba."

Na karɓa na duba. Gaskiyarta. A wata wayar da hoton ya yada zango, wani mai son alheri ya danna abin nan da ke gyara fuska, ya share tsagar kumatunta tas, ya ƙara mata haske. Ni da aka goya a bayanta ban lura ba.

Washegari na tafi wurin wani mai buga littattafai a Ƙofar Kwaya, dattijo marar yawan magana. Bayan mun gaisa har mun tambayi gajiyar juna, ya buɗe hoton ya ƙara girmansa. Fuskar ta wargaje ta koma ƙananan murabba'ai kamar ginin bulo.

"Malam, wannan ya fashe," in ji shi. "Hoto ɗigo-ɗigo ne. Duk turawar da aka yi, waya sai ta zubar da wasu don ya yi sauƙin tafiya. A waya ba a ganewa, amma takarda ba ta rufa asiri."

Na ce to ya zana mata tsagar mana, ai na ji kwamfuta ba abin da ba ta yi.

"Guda nawa a kowane kunci?"

Na ce ban taɓa ƙirgawa ba.

"Ka gani. In na zana, tawa ce ba tata ba. A nemo na takardar."

Kwana huɗu muna nema. A ƙasan tsohuwar adakar Inna muka same shi, maƙale da katin allurar alhazai, bai kai kwalin ashana ba, ga tsatsar ƙusa a kusurwa. Dattijon ya goge gilashin na'urarsa da gefen rigarsa, ya kifa hoton, ya sa ta ɗauka a hankali da duk ɗigon da za ta iya. Da zai ƙara girma, ta kusurwa ya kama, tsawo da faɗi suka tafi tare. Bai kalle ni ba, na kuwa gode masa a raina da bai tona mani asiri ba. Bai cika shafin ba. Ya ce iyakar inda hoton zai kai ke nan bai yi ƙarya ba. Sau uku yana buga gwaji yana rage duhu, don tawada takan bazu a takarda ta cinye siraran layuka.

Na koma Ƙofar Marusa da na ukun. Yaya ta karɓa, ta kai shi bakin hancinta. Ta ɗora yatsa a kuncin dama tana bi ɗaya bayan ɗaya, ta koma na hagu.

"Ga ta nan," ta ce. "Har da hararar da ta yi wa mai hoton."

Ta hana ni takardar gwajin, ta ce littafin na dangi ne, wannan tata ce. Ta sa aka kawo dakuwa a kwano, ta ce in kai wa mutumin, in ce masa Allah ya jiƙan mahaifansa. Kafin wata Sallar ta zagayo idon ya rufe gaba ɗaya, amma ta riga ta gani.