Mai Kiran Direbobi a Tashar Goronyo

A rumfar mai cajin waya ana kallon fim: ma'aikacin hasumiyar filin jirgi yana ta kiran wani jirgi da ya yi shiru. Can baya wani dattijo na tsaye, hularsa ta koɗe, waya a kowane hannu. An ce shi ke sanar da direbobi hanyar da babu 'yan bindiga. Daga jan idonsa, ina jin bai runtsa ba.

Matuƙin jirgin ya amsa, rumfa ta kaure da tafi. Dattijon bai tafa ba. Ya latsa waya ya kara a kunne.

Mai caji ya ce, "Baba, wa kaka kira?"

"Almustapha direba. Ni nac ce mishi shi bi ta bakin gulbi."

Wayar na ta ƙara, ba mai ɗauka.