Hannun Daman Bahago

Bahago ake ce masa, alhali da dama yake cin abinci, da dama yake zana gidaje shekara talatin. Sunan a wurin faɗa ya samo shi. Idan ya je wurin gini ya tarar an gusa bango ko da taku ɗaya daga inda ya zana, sai ya cusa hannun dama a aljihu, ya tasar wa magini da hagu. Akwai wani dogon magini da ya zubar wa haƙora biyu a rigima kan tagar bayi. Shi ma Bahagon an fasa masa goshi da bulo, an taɓa kwantar da shi da shebur, amma damar nan ko ƙwarzane babu. Ko gaisawa zai yi, 'yan yatsu yake miƙawa.

Da hannun nan ya ciyar da gida, ya kai ƙaninsa jami'a har ya fito da lasisin zanen gini da hatimi. Shi Bahago ba shi da takarda ko ɗaya. Yana zanawa, ƙanin yana buga hatimi, a ɗaki guda mai fanka ɗaya da wani tsohon teburin zane mai bakin ƙarfe.

Sai aka fito da rancen ƙananan ofisoshin zane, wanda gwamnati ke tsaya wa mutum a banki. Ƙanin ya cike takardu. Wata safiya Bahago ya gan su a kan teburinsa, ya karanta. Mai kamfani: ƙaninsa. Shi kuma an sa shi a layin ma'aikata.

"Ni ne ma'aikacinka?"

"Yaya, sharaɗinsu ne. Sai mai lasisi. Kuma kwamfuta za mu saya, yanzu wa ke jiran zanen hannu sati biyu?"

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta ƙona masa rai. Ya shaƙe wuyan rigar ƙanin da hagu, ya buga shi da bango, gilashin hoton lasisin ya tarwatse a kansu. Ƙanin, da bai taɓa ɗaga masa murya ba, ya rarumo doguwar rula ya shimfiɗa masa a kunne. Jini ya gangaro har cikin kwalarsa. Suka kife da kujera, suka tattake zanen wani asibiti da aka kwana goma ana yi. Hagun tana riƙe da riga, ba ta da sarari. Bahago ya zaro dama daga aljihu, ya dunƙule, ya kai naushi da duk ƙarfinsa.

Ƙanin ya sunkuya. Bakin ƙarfen teburin ne ya karɓa.

Ƙashi uku suka karye, suka kuma haɗe a karkace. Rance ya fito bayan wata biyu, kwamfuta ta zo, ƙanin bai sake tayar da zancen ba, bai kuma bari an fitar da teburin ba. Bahago yana nan a kansa kullum, fensir a hagu, yana danne takarda da damar da ba ta lanƙwasuwa.

Ran nan dogon maginin nan mai giɓi ya shigo karɓar aiki. Ya ɗauki zanen da Bahago ya wuni a kai, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. Ba da tsokana ya yi tambayar ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Maigida, nan bango ne ko ƙofa?"