An Bar Nima a Kan Dutse

Ranar nan ba ta taɓa fita daga raina ba. Talata ce, ƙarfe goma da kwata na safe, a ofishin mudir, wato manajan ma'aikatarmu da ke Birnin Masana'antu na Biyu a Riyad. Mu uku ne: mudir a zaune, ni a tsaye a matsayina na shugaban masu lodi, sai Pasang a bayana, riƙe da hularsa.

Bari in fara da aikinmu. Iskar oksijin muke ɗurawa a tukwanen ƙarfe, mu kai asibitoci da wuraren walda. Doka ɗaya ce aka fi tsanantawa: ba a barin fadi a waje. Fadi da Larabci shi ne tukunyar da iskarta ta ƙare. Direban da ya sauke cikakkiya bai ɗauko fadi ba, komawa zai yi, ko daga unguwar Manfuha ne, ko rana na tsaka.

Pasang mutumin Nepal ne. Kafin ya zo Riyad dako yake yi wa baƙi masu hawa dutsen nan na ƙasarsu da ya fi kowanne tsawo a duniya. Sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa biyu, shi ya sa ya bari. Ya taɓa gaya mini a wajen shan shayi cewa can sama iska ba ta isar mutum, sai da tukunya, kuma wadda ta ƙare a nan ake yar da ita. Tsofaffin tantuna, igiyoyi, gwangwanaye, har bayan gidan mutane, duk suna nan a daskare, kuma ruwan da ke narkowa daga wurin shi ƙauyensu ke sha. Na ce, "Ku ba ku da dokar fadi?" Ya yi dariya ya ce, "Sadik, can kowa kansa yake ɗauka."

A shekarar ce ɗan kafil ɗinmu, wato ɗan mai gidan da iƙamarmu, takardar izinin zama, ke hannunsa, ya ce zai hau dutsen. Ya tambayi Pasang wa zai riƙe masa kaya. Pasang ya haɗa shi da ƙaninsa Nima. Sun kai ƙoli. A hanyar saukowa iskar ɗan kafil ta ƙare, Nima ya cire tasa ya ba shi. Ɗan kafil ya sauko. Nima ya zauna ya huta, bai sake tashi ba.

Da labari ya iso, na je ɗakinsu na yi wa Pasang gaisuwa irin tamu. Na ce, "Yaushe za a kai shi makwancinsa?" Ya ce, "Yana can inda ya zauna." Ban gane ba sai da ya ƙara bayani: idan ba a samu maza sun hau sun sauko da shi kafin damina ta rufe hanya ba, nan zai zauna, masu hawa na gaba su riƙa wuce shi. Akwai irinsu da yawa, har ana kwatance da launin rigunansu.

Abin da ya kai mu ofis ke nan. A lokacin ma'aikaci ba ya fita ƙasar sai da huruj, takardar izinin fita daga kafil. Na yi bayani dalla-dalla: na farko, an yi wa Pasang rasuwa, na biyu, lokaci na ƙurewa, na uku, zan raba aikinsa tsakanin yarana.

Mudir ya ce, "Bayan walima."

Na ce, "Wace walima, ranka ya daɗe?"

"Ta tarbar ɗan mai gida. Ana son wannan ya sa kayan garinsu ya tsaya kusa da hoton da aka ɗauka a ƙolin dutsen. Zai yi kyau."

Na ce, "Jiya ka mayar da direba har unguwar Dira saboda fadi ɗaya. Wannan mutum ne aka bari."

Ya ce, "Ai ba ma'aikacinmu ba ne. Koma bakin aikinka."

An yi walima. An yanka raguna. Pasang ya tsaya inda aka ce ya tsaya, domin takardarsa na hannunsu. Ɗan kafil ya yi jawabi kan haƙuri da juriya, ya gode wa mahaifinsa da kamfanin da ya sayar masa da takalma. Sunan Nima bai fito daga bakinsa ba. Ni da sauran masu lodi muka tashi muka bar abincin.

Huruj ya fito bayan damina ta sauka a can. Pasang ya tafi, bai dawo ba. Nima ba musulmi ba ne, amma gawa gawa ce, kuma yana da uwa.

Abin da na koya shi ne, a wurin wasu masu gida ƙarfe ya fi wanda ke ɗaukarsa daraja, domin ƙarfe ana nemansa idan ya ɓata. Hoton yana nan rataye a ƙofar ofis, mutum ɗaya da tuta, sama fes.

Roƙona gare ku, musamman ku da kuka shigo aikin bayanmu: duk ranar da aka nuna muku hoton wani a kan ƙolin dutse, kada ku yi saurin cewa masha Allah. Ku tambaya wa ya ɗaukar masa tukunyar, kuma ko shi ma ya sauko.